Gajimare a Mabera

Shekara tara ni da Sirajo,
kwalbati ɗaya ce tsakaninmu.
Ƙofata shuɗiya, tasa koriya,
ni mai Fi-es, shi mai Ekis-bos.
Ko a sahun sallah, in kafaɗa ta taɓa kafaɗa,
sai kowa ya gyara tsayuwa.

Ya ce injina tukunyar koko ne,
awa biyu sai an yi masa fifita.
Na ce nasa buhun gawayi ne da aka sa wa fitila.
Yaran unguwa suka rabu gida biyu
kamar Kudu da Arewa a fagen dambe.
Naira ɗari, minti goma, wanda aka ci ya tashi.
Na rage ashirin, ya rage talatin,
na sayo fanka, ya sayo biyu,
na kafa benci mai majingini,
ya zaunar da mai zoɓo a bakin ƙofarsa.
Janaretona na tari, nasa na atishawa,
mai fetur kaɗai ke yi mana addu'ar tsawon rai.

Wata Laraba, a zafin da ke narkar da silifa kan kwalta,
Zayyanu, da ya koyi wasa a bencina
tun yatsansa bai kai maɓallin sama ba,
ya zauna kan kwalbatin nan, daidai tsakiya,
da waya mai tsagaggen gilashi,
yana buga wasan da na ci bashi na sayi faifansa.

Na ce, ina injin?
Ya nuna sama da haɓa:
"Shina cikin gajimare, Baba Malami.
Can anka aje shi."

Na ɗaga kai.
Sama fes, kamar tasar da aka suɗe.
Mu da ke duban gabas tun watan jiya,
mu da geronmu na fadamar Kwalkwalawa ke jiran ɗigo,
yau ga hadarin da ke zubo 'yan ƙwallo ashirin da biyu,
ba tsawa, ba walƙiya,
ba ƙamshin ƙasa.

Benci ya yi sanyi.
Gizo-gizo ya kama haya bayan talabijin.
Na ƙirga cinikin yini da hannu ɗaya,
yatsu biyu ba su samu aiki ba.

Da magariba Sirajo ya tsallako
riƙe da shayi kofi biyu.
"Mi munka yi ma juna, Malami?"
Ban amsa ba.
Sukari ya yi yawa. Na shanye.

Muka kashe janareto ɗaya.
Muka ɗauko injinsa kamar jinjiri,
muka aje shi kusa da nawa,
baƙi da fari a tebur guda, ba wanda ya ciji wani.

Daren da ruwan farko ya sauka
iska ta ture sabis.
Ƙwallon Zayyanu ta tsaya a sarari,
gola ya daskare da hannu a sama,
wata 'yar da'ira tana ta juyawa kamar jakin da ya ɓata gida.
Sai ga su a guje, jiƙe sharkaf,
goma sha huɗu, kowa da ɗarinsa a dunƙule.
Gajimaren Allah ya kori na kamfani.

Ban ruɗi kaina ba.
Na ga ramin da suke tonawa a gefen titi,
na ga igiyar da za su binne.
In ta iso, ko ruwa ba zai cece mu ba.

Amma daren nan, bayan yara sun watse,
kwano na ɗiga cikin bokiti,
Sirajo ya miƙo mini hannun injinsa.
Na riƙe.
Ya zauna a tafina daram, kamar da ni aka auna.
Ya ci ni uku da nema.

Ya ce, yaya ka ji shi?
Na ce, nauyi gare shi.
Sake sa mana wani.